Ƙofar Gidan Daji

Na daɗe ina jin maganar nan tana yawo a bayana, daga Agege har Sabo Yaba, wai ni Rabi na sayar da gidan daji na mahaifinku na cinye kuɗin ni kaɗai, har na hau jirgi da su zuwa Makka. Da a bakin 'yan unguwa kawai ta tsaya da ban kula ba, domin bakin Agege ba ya gajiya, in ya gama da ni yau gobe zai koma kan wata. Amma ranar sunan ɗan da autata Bilki ta haifa na ji wata jikata da kunnena tana gaya wa ƙawarta cewa da suna da gida a daji, kakarsu ce ta sayar. Yarinyar da ko uwarta ba a aura ba lokacin da abin ya faru. Wato maganar ta shigo gidana ta sami wurin zama, har ta fara haihuwa. Shi ya sa na zauna zan rubuta muku yadda aka yi, ku karanta ko ina raye ko bayan raina. Ban sayar ba. Ko ƙusa ɗaya ta gidan nan ban sayar ba, kuma raina yana ɓaci har yau da sai na rantse wa 'ya'yan da na haifa kafin su yarda.

Mahaifinku, Malam, ɗan kasuwar goro ne tun kafin ya aure ni. Ni haifaffiyar Agege ce, Yarbanci a bakina kamar Hausa, shi kuwa daga Arewa ya gangaro yana saurayi, har ya koma ga Allah Yarbancinsa bai wuce na ciniki da gaisuwa ba. Sana'arsa ita ce shiga ƙauyukan da ke kewaye da wani gandun daji na gwamnati, can bayan Ikorodu, ya sayi goro a hannun manoma, a ɗaure shi huhu-huhu cikin ganyen fita, a fito da shi bakin titi. A wancan zamani gwamnati ta yanka wasu 'yan filaye a bakin gandun, gefen wani rafi, ta ce duk mai so ya karɓa ya kafa gidan hutu, ya riƙa biyan kuɗin ƙasa shekara-shekara. Sharaɗin shi ne ƙasa tana nan ta gwamnati, kuma ba a ginin bulo, sai na katako. Ba wanda ya kula. Wa zai bar Ikko ya tafi hutu cikin sauro? Kuɗin ma bai taka kara ya karya ba. Malam ya karɓi fili ɗaya, abokansa na kasuwa suna yi masa dariya, suna cewa ya zama Bature. Ya kafa ɗaki biyu, ya yi musu rufin kwano, sannan ya ƙara zaure a gaba wanda ya fi ɗakunan girma, don shi a ganinsa gidan da ba zaure ba a gama shi ba.

Ƙofar zauren ita ce abin da ya fi kashe wa kuɗi. Katakon loko ne mai kauri, wani kafinta Bayerabe a Ebute Metta ya yi ta, kuma da ni aka je karɓowa don in yi tafinta, ina goye da yayanku Abba. Kafintan ya jingina ta da bango, ya ɗauko abin huda, ya ce in tambayi maigida ta wane gefe yake son wurin kwaɗo. Na tambaya.

"Ce masa kada ya huda," in ji Malam.

"Ɓarayi fa?"

"Me za su sata, tabarma?"

Kafintan ya dube ni, ya dubi Malam, ya ce da Yarbanci mijin nan naki lafiyarsa kuwa. Wannan ban fassara ba. Sai a mota muna komowa Malam ya ba ni dalili. Shekarar da ya fara shiga ƙauyukan nan, bai san kowa ba, ruwa ya kama shi da kaya a ka. Ya buga ƙofofi ba adadi, ba wanda ya buɗe, kuma bai ga laifinsu ba, baƙo ne da ba ya jin yarensu. A ƙarƙashin wata matacciyar mota ya fake shi da huhunsa, ya tashi da zazzaɓin da ya kusa kai shi lahira. Tun ranar ya yi wa Allah alkawari, in ya mallaki rufi a wannan yanki ba zai kulle shi ba. Don haka igiya kawai aka ɗaura wa ƙofar, ana maƙala ta a ƙusa saboda iska da awaki.

Ku manya kun san yadda gidan ya zama, ƙanana ne ba su sani ba. Mu muna zuwa lokacin hutun makaranta da bayan Babbar Salla, ku yi ta wanka a rafi har idanunku su yi ja, ni in huta da ƙarar motocin haya na danfo da hayaƙin janareta. Sauran shekara kuwa zauren na kowa ne. Masu sayen goro suna kwana, 'yan dako suna kwana, Fulani masu koro shanu, matan da ke shiga yankan ganyen fita, har maharban Yarbawa da ba su san Malam ba ko a hanya. Ba a tambayar sunan kowa. Kuma wata al'ada ta kafu da kanta ba tare da an kafa ta ba: duk wanda ya kwana sai ya bar wani abu. Wani ya cika randa, wani ya tara itace, wani ya bar ashana ko ɗan gari a leda a rataye. Ban taɓa zuwa na tarar da randar nan a bushe ba. Sau ɗaya aka ɗauke mana buta, bayan wata biyu muka tarar da sabuwa a wurinta. Na sha yi wa Malam tsiya cewa ya gina wa duniya gida ya bar ni a ɗakin haya, ya yi dariya ya ce ai ni ma cikin duniyar nake.

Ana nan aka gyara hanyar, sai masu kuɗin Ikko suka farga cewa akwai wuri mai sanyi kusa da su. Filayen da aka raina suka zama abin rububi. Hagu da dama gidaje suka tashi, katako ne dai kamar yadda doka ta ce, amma katakon da aka shafe da fenti mai sheƙi, ga tankin ruwa, ga waya mai ƙaya. Masu su ba sa zuwa sai Kirsimeti ko wani dogon hutu, su yi kwana biyu suna gasa nama da kiɗa, su kulle su tafi. Namu ya zama kamar tsohuwa a tsakiyar 'yan mata. Na lura ba sa son ganin mutane da huhun goro suna wucewa ta gaban gidajensu, amma muddin Malam na raye ba wanda ya ce uffan, don tsofaffin masu gadin dajin duk sun san shi, sun ci goronsa.

Ciwon da ya tafi da shi bai daɗe ba. Ana gobe za a kai shi asibiti, da hantsi, ina ba shi kunu, ya riƙe hannuna. Na zaci zai yi maganar shago ko ta aurar da Bilki.

"Rabi, ƙofar nan ta daji. Kada a sa mata kwaɗo."

"Malam, sha kununka."

"Ki ce kin ji."

Na ce na ji. Abin da ya bar mini ke nan, kuma ba kowa a ɗakin sai ni da shi da Allah. Na sha tunanin da ya faɗa a gaban Abba, da wataƙila rayuwata ta zo da sauƙi.

Ina fita takaba ba da jimawa ba takarda ta zo daga ofishin gandun daji. Abba ya karanta mini, ya sake karantawa, ya ce lalle kuskure aka yi. Kuɗin da aka rubuta ya fi abin da nake samu a injin markaɗena shekara guda, in ban ci ba ban sha ba. Na ɗaura zane na hau mota har ofishin. Wani saurayi na tarar, mai ladabi, ya ba ni kujera, ya kira ni Mama, ya ji daɗi da na amsa masa da Yarbanci. Ya ce an sake tsari. Yanzu gidajen bakin gandun kashi biyu ne: gidan hutu na mutum da iyalinsa, kuɗinsa kaɗan aka ƙara, da kuma masaukin baƙi, wanda ake biya kamar otal. Yaransa sun zo dubawa sun tarar da zaurenmu cike da maza, ga tabarmi, ga kaya jibge, ga tukunya a wuta, sun tambayi mai gidan ba wanda ya san sunansa. Sai suka rubuta masauki. Na ce masa tunda aka kafa gidan nan ba a taɓa karɓar kwabo a hannun mai kwana ba. Ya ce dokar ba ta tambayi ko an karɓa ba, ta tambayi su wa ke kwana.

"Mama, ba na son in wahalar da ke. Ki sayi kwaɗo ki sa. In aika yara su gani, in mayar da ke layin masu gidan kansu. Shi ke nan."

"In na sa, wanda ruwa ya kama fa?"

"Wannan ba ya cikin aikina, Mama."

Ban zage shi ba, don ba shi ya rubuta dokar ba. Amma na fito ina tafasa. Gidan da ke kulle shekara guda ba kowa ciki sai ƙadangaru, shi ne gidan mutum, shi ake yi wa rangwame. Gidan da ke cike da bayin Allah kuwa shi ne abin tara. Har na iso Agege ban daina maimaita wannan a raina ba, kwandasta ya yi ta tambayata kuɗin mota ban ji ba.

Da na gaya wa Abba, dariya ya yi ta jin daɗi, ya ce ashe abin mai sauƙi ne, gobe zai sayo kwaɗo. Na gaya masa abin da mahaifinsa ya ce. Sai ya kawo dabara irin ta 'yan boko: a sa kwaɗon, a ɓoye makulli a ƙarƙashin dutse, duk wanda ya saba zuwa a gaya masa wurin. Na ce wanda ya san inda makulli yake ai ba baƙo ba ne. Malam ba don abokansa ya bar ƙofar nan ba, don wanda bai san kowa ba ne, irinsa ranar da ya kwana ƙarƙashin mota. Ban da haka, yaron ofis ya riga ya gaya mini in aka sa kwaɗo aka sake tarar da baƙi ciki, tara ce mai tsanani.

"Iya, Baba ya rasu. Mu ne za mu biya wannan wahala, ba shi ba."

"Da bakina na ce masa na ji."

"Wa ya ji kin ce?"

Wannan tambayar ita ce farkon abin da ya shiga tsakanina da yayanku. Na tashi na shiga ɗaki. Ɗan fari ne, ko sunansa na yanka ba na faɗa, amma ranar na ji kamar in kira shi da shi a tsakar gida.

Na ce to, tunda gidan na jama'a ne, bari in je wa jama'a. Na tafi wurin Alhaji Isyaku, babban 'yan goro na layinmu, abokin Malam tun suna dako, wanda yaransa suka fi kowa kwana a zauren nan. Shekara da shekaru kayansa a can suke kwana kafin mota ta zo, bai taɓa biyan sisin ajiya ba. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya yi wa Malam addu'a mai tsawo har da share ido. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya fara ba ni labarin kasuwa: goro ya yi tsada a daji, ya faɗi a Arewa, direbobi sun ƙara kuɗi, shi kansa da kyar yake riƙe gida. Ya ce zai yi wa 'yan kasuwa magana bayan sallar Juma'a. Ya kuma ba ni shawara a matsayin uba, in bi maganar Abba, don mata ba su san sha'anin gwamnati ba. Ya sa aka ƙulla mini goro da kuɗin mota. Abin da aka tara ranar Juma'ar ko kuɗin buhun gari bai kai ba, kuma labari ya dawo mini cewa wasu sun ce gidan shaƙatawarta ne, su za su biya mata ta je ta sha iska? Mutanen da na san tabarmar da kowannensu yake kwana a kai. Ban mayar da kuɗin ba don kada a ce na yi girman kai, amma na ba mai shara.

Sai na sayar da injin markaɗen. Ku da kuka tashi kuka ga ina tallan ƙosai a bakin layin dogo da furfura a kaina, ga dalili. Malam ne ya saya mini injin nan shekarar da aka haifi Bilki, shi ne ya biya muku kuɗin makaranta rabi da rabi. Wata Bayerabiya maƙwabciyarmu ta saye shi, kuma shekaru ina jin ƙararsa ta bayan katanga kowace safiya. Kuɗin ya kai rabin abin da ake nema. Na kai ofis, yaron ya karɓa yana girgiza kai, ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen damina in cika. Ban san inda zan samo sauran ba, kuma ko na samo, baɗi ma haka za a sake nema.

Daga ofishin na wuce gidan, na zauna a zaure ina kallon ƙofar. Wani tsohon mai gadin daji, Baba Tunde, wanda ya san Malam, ya zo gaishe ni. Muna hira na nuna masa rumfunan da matan ganye suka kafa can gefen hanya, na ce su nawa suke biya. Ya ce ba sa biyan komai, ai rumfa ba gida ba ce, ba ta da ƙofa. Bai ce in yi komai ba, kada wani ya ɗora masa. Ni ce na kwana da maganar na tashi da ita. Na ce a raina, Malam ya ce kada a sa wa ƙofa kwaɗo, bai ce dole ta zauna a jikin bango ba. In babu ƙofa zaure ya zama rumfa, rumfa kuwa ba masauki ba ce, ba otal ba ce, kowa ya shiga ya fake. Na ga kamar Allah ne ya buɗe mini hanya, har na yi sadaka. Na ɗauki kafinta daga Ikorodu, ya cire ƙofar cikin ɗan lokaci. Da zan bar ta a can, sai na tuna masu itace, na ce loko ne, wani zai faskara. Aka ɗaure ta a saman danfo, direba yana mita, muka ratsa Mile 12 da ita mutane suna kallo, har ƙofar gidanmu.

Da damina ta ƙare na koma ofis da ƙarfin gwiwa, na ce su je su duba, yanzu rumfa gare ni. Yaron ya dafe kai. Ya ce sun riga sun je. A tsarinsu gidan da aka cire wa ƙofa kango ne, mai shi ya yi watsi da shi, kuma duk filin da aka yi watsi da shi yana komawa hannun gwamnati a ba wani. An riga an soke izinin Malam. Na ce to a mayar da ƙofar, tana nan a Agege, gobe zan kawo. Ya ce takarda ta wuce sama, ba ta hannunsa. Na ce rabin kuɗin da na biya fa? Ya ce wannan na watannin da suka wuce ne.

"Mama, me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"Na tambaye ka wanda ruwa ya kama, ka ce ba aikinka ba ne."

Ya raka ni har bakin titi ya tsayar mini da mota. Har yau ban riƙe shi a zuciya ba, kuma ban yarda cewa na yi wauta ba. Na yi abin da hankalin mai alkawari ya ba ta, a cikin dokar da aka rubuta don masu kwaɗo.

Wanda na riƙe shi ne wanda aka ba filin. Ba a yi wata uku ba labari ya zo cewa an rushe gidan, an fara sabon gini, kuma mai ginin Alhaji Isyaku ne. Mutumin da kasuwa ta faɗi masa. Ashe tun ranar da na je masa da kukana ya aika a bincika masa yadda ake samun fili a wurin, ya sa sunansa a layi, ya zauna yana jira. Ya biya kuɗin gidan mutum, ɗan kaɗan ɗin nan, ya kewaye da waya, ya sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Kayansa kuwa suna kwana ciki kamar da, sai dai yanzu nasa kaɗai. To ku gaya mini, duk wanda ya ga gidan Malam a hannun abokin Malam, me zai ce? Cewa zai yi matar ta sayar masa. Haka aka ce. Kuma Alhaji bai taɓa cewa ya saya ba, bai taɓa cewa bai saya ba. In aka tambaye shi sai ya yi murmushi ya ce Allah ya jiƙan Malam. Da wannan murmushin ya kashe ni a unguwa, har ya mutu bai buɗe baki ya wanke ni ba. Na je gaisuwar mutuwarsa don zumunci, amma ban iya cewa na yafe ba, kuma ba zan rubuta ƙarya a nan in ce na yafe.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya. Wata Lahadi da rana Abba ya shigo da kawunanku biyu, ƙannen Malam, suka zauna a tsakar gida. Na zaci gaisuwa ce, har na ɗora ruwa. Babban cikinsu ya yi gyaran murya ya ce sun zo ne kan maganar gado, tunda gidan daji dukiyar marigayi ce, marayu suna da haƙƙi a kuɗinsa. Na dubi Abba. Kansa na ƙasa.

"Kai ma ka yarda na sayar?"

"Iya, ni ban ce ba. Amma kin ƙi kwaɗo, kin sayar da inji, kin cire ƙofa, yanzu gida yana hannun Alhaji. Mutane suna tambayata, me zan ce musu?"

Na tashi na yaye labulen ɗakina, na nuna musu ƙofar jingine da bango, na ce ga gadon nan, a raba. Kawunanku suka ga abin ya fi ƙarfinsu suka sulale. Abba bai sake tayar da maganar ba, amma bai taɓa zuwa ya ce Iya na yarda da ke ba. Yana gaishe ni, yana aiko da shinkafa, ya biya mini kuɗin asibiti da aka yi mini aikin ido, Allah ya yi masa albarka. Sai dai tun ranar in muka zauna akwai abin da ke zaune tsakaninmu, shi ya sani, ni na sani. Da ƙanena na Sabo Yaba, mai shagon kayan masarufi, ya biya mini kujerar Makka bayan shekara biyu, sai aka ce ga kuɗin gidan daji sun fito. A gaban Ka'aba na yi kuka kan wannan, ba kan zunubaina ba, Allah ya gafarta mini.

Sau ɗaya na koma wurin. Bilki ce ta matsa, muka je da motar mijinta, cikin damina. Rafin yana nan. Bishiyar da kuke ɗaura lilo an sare. Muna tsaye ruwa ya sauko, sai na hango wasu mutane a jikin wayar gidan Alhaji, sun tsuguna sun lulluɓa da leda ɗaya, su da huhunan goronsu, ga rufin kwano a bayansu taku kaɗan, a kulle. Wani dattijo a cikinsu ya gane ni, ya taso cikin ruwan ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce ya sha kwana a zauren Malam.

"Hajiya, da ba ki sayar ba, da yanzu muna ciki."

Bilki ta buɗe baki za ta yi magana, na riƙe hannunta. Me zan ce wa mutumin da ruwa ke dukansa? Na ba shi lemata, muka shiga mota muka koma Agege.

Ƙofar tana nan a ɗakina bayan gado, inda kuka sha cewa in bari a fitar da ita tana tara ƙura da kyankyasai. Matar Abba ta taɓa kawo mai sayen tsofaffin katako har ya yi tayi, na kore su tare. Yanzu ga abin da nake so, kuma na rubuta shi don kada a sake cewa wa ya ji. Ranar da na mutu kada ku sayi katakon rufe kabari. Ku fito da ƙofar nan tsakar gida, a yanka ta, da ita za a rufe ni kafin a zuba ƙasa. Loko ne, zai isa har ya yi saura. Abba ne zai yanka, da hannunsa, ba kafinta ba. Amma kafin ya sa zarto, ya tsaya a gaban ƙannensa da 'ya'yansa ya shafa ta daga sama har ƙasa, gefe da gefe, ya nemi inda aka taɓa huda ta don kwaɗo. In ya samu, ku ci gaba da faɗin abin da kuke faɗa. In bai samu ba, ya ɗaga kai ya gaya wa yarinyar nan ta ranar suna cewa kakarta ba ta sayar ba, sannan ku ɗauke ni.